Ranar da na je gwajin ido a kan mashin

Shekara 23 ina ɗinki a Gusau, ban taɓa roƙon yaron shago ya zura mini zare ba sai bana. Da farko allurar na ɗora wa laifi, na ce kamfani ya rage mata kafa. Daga nan na koma miƙa hannu can nesa kamar mai riƙe da mushen ɓera. Da tsawon hannun ya ƙare, sai na sayi gilashi a tiren mai talla, wanda aka manna wa +3.00, don a lissafina babbar lamba ita ce mai kyau. Zare ya shiga kam, amma kafin la'asar kaina kamar ana sussukar gero a ciki.

Haka na yanki kati a sashen ido. Daga bencin da muke layi ana hango allon haruffa ta ƙofa, kuma duk wanda ya shiga da ƙarfi yake karantawa. Ni da na yi makarantar allo, kafin layi ya zo kaina na haddace shi tsaf.

Aka zaunar da ni mita 6 daga allon, yadi shida da rabi kenan a awonmu. Nas ta ce in rufe idon dama da tafin hannu ba tare da na danna ba, don idon da aka danna yakan yi hazo in an buɗe shi. Na zubo mata haruffa tun daga sama har ƙasa.

"Baba, ai ban nuna komi ba tukuna."

Ta juya allon, sai ga harafin E kaɗai, wani a kwance, wani a kife, ta ce in nuna da yatsu inda ƙafafunsa suka fuskanta. Nan hadda ta ƙare. Idon hagu ya cije a 6/12, wato abin da lafiyayyen ido ke gani daga mita 12 ni sai na matso mita 6. Da ta sa na leƙa ta wani faifai mai ɗan ƙaramin rami, layin ƙasa ya fito tar. Wannan alama ce gilashi zai gyara.

Wajen awon hawan jinin ido an gaya mini iska za ta huro, amma da ta huro sai da hulata ta faɗi. An samu 16 da 17, daidai kuma tsakanin 10 ne da 21.

Sai likita ya ɗora mini wani firam na ƙarfe mai nauyi, yana zura gilasai yana cirewa. "Wannan ko wannan?" Na ce duka Alhamdu lillahi. Ya sake, na ce wannan ma ba laifi. Ya ce, "Malam, gilashin nan ba surukinka ba ne, faɗi aibinsa." Da ya tambayi nisan da nake ɗinki, na zaro tef daga aljihu na auna masa inci 14. Ya ƙara mini +1.75 na kusa, ya auna tsakanin ƙwayoyin idona milimita 64. Ya ce na kasuwa ya yi mini ƙarfi, ga shi lamba ɗaya ce a ido biyu alhali nawa sun bambanta, tsakiyarsa ma ba ta dace da idona ba.

Saura duba bayan ido. Nas ta ce, "Akwai mai mai da kai gida?" Na ce awo, ina nufin mashin ɗina. Ta ɗiga maganin, ya yi ɗan zafi, na jira minti 30 har baƙin idon ya buɗe kamar na mage da dare. Wajen awa huɗu zuwa shida yake yi kafin ya saki, kuma ta faɗa, ni ne dai na ɗauka da 'yan mota take.

Ƙarfe ɗaya na fito cikin ranar Gusau. Haske ya dalle ni, hawaye na zuba, waya kuwa ko sunan uwargida ban iya karantawa. Na lalubi jan mashin a ƙarƙashin dalbejiya, na zura makulli, ya ƙi juyawa. Na jijjiga, na yi masa faɗa. Sai na ji hannu a kafaɗata.

"Malam, lahiya? Mi kake nema ga mashin ɗina?"

Kafin in haɗiye yawu mutum biyar sun kewaye ni. Katin asibiti ya cece ni, da mai gadi da ya leƙa idona ya ce, "Ku ƙyale shi, 'yan ɗigo ne, kullum sai mun samu ɗaya." Nawa na can na uku a jere. Na bar masa ajiya, na hau keke napep fuska rufe da hula.

Bayan mako na karɓo gilashin, mai hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na kusa. An ce in sunkuyar da kai gaba ɗaya in zan taka matakala. Na manta, na dubi dakalin shago ta ƙasan, ƙafa ɗaya ta tafi kwata. Amma zare ya shiga a karon farko. Ina cikin murna na ɗauko kaftanin limaminmu da na gama shekaranjiya, sai na ga aljihun dama ya fi na hagu sauka da inci guda. Na dubi yaron shago, ya ce shi tun watan jiya yake ganin irinsu.