Lokacin gwajin ma abin lura ne

Wani labari ya ce a riƙa gwajin kilamidiya (cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa) da HIV a ƙananan asibitoci, kuma ya yi daidai, amma bai taɓo inda aka fi samun matsala ba. Yawancin masu kilamidiya ba sa jin komai, musamman mata, har ta kai ga toshe bututun mahaifa. Shi ya sa jiran alama ba dabara ba ce.

Wajen ɗaukar fitsari don gwajin kilamidiya ake yawan kuskure. Fitsarin farko ake so, wanda ya fara fitowa, ɗan kaɗan a gindin kwalba, kuma a ce an yi aƙalla awa 1 ba a yi fitsari ba. In aka cika kwalbar, ƙwayar ta tsarma, gwaji ya kasa kama ta. Ga mace, audugar da za ta shafo cikin al'aurarta da kanta ta fi fitsari inganci. A kuma bari mako 2 ya wuce bayan saduwar da ake zargi kafin a yi gwajin.

HIV kuwa, gwajin tsira yatsa na iya buƙatar kwana 90 kafin ya nuna, na ɗakin gwaje-gwaje kamar kwana 45. In ya nuna akwai, sai an sake tabbatarwa. Wanda ya zo cikin awa 72 da faruwar abin da ake tsoron ya ɗauki HIV ta dalilinsa, kada a sallame shi haka, a fara masa maganin kariya na kwana 28.

Don Allah ma'aikatan lafiya, ku riƙa haɗawa da abokin zama wajen maganin kilamidiya, su ƙaurace wa juna kwana 7, a sake gwaji bayan wata 3.