Idan kowa da gaskiyarsa, me za a faɗa wa iyayen Ƙanƙara?

Wata magana ta fara yawa a bakin samarinmu 'yan boko a Katsina, a majalisar shayi da kuma Facebook: wai babu abin da yake mai kyau ko mummuna a karan kansa, kowace al'umma ce ta tsara nata, kowa da gaskiyarsa. Wasu kan jingina da Nietzsche, Bajamushen da ya yi shelar a 1882 cewa Turai ta rabu da imani da Ubangiji, don haka ginshiƙin ɗabi'unta ma zai rushe. Ban yarda da wannan ra'ayi ba, kuma yadda muke amsa musu yana damuna.

Suna da inda suka kama. Al'adu sun bambanta. Bafulatana ba ta kiran sunan ɗanta na fari saboda kunya, wata uwar a wani gari kuwa za ta ga hakan rashin ƙauna ne. Mu muna durƙusa wa babba, wasu hannu suke ba shi. Amma durƙuson da musabahar duk girmama na gaba ake nufi.

A tsaya wajen mai awo ranar kasuwar Charanchi ko Mai'aduwa. Ga tiya an bubbuga gindinta ya shige ciki, ga yatsa yana share tozon gero kafin a juye a buhu. Me ya sa yake yi a ɓoye, yana jan mai saye da hira? In shi aka yi wa, zai ce ai ra'ayi ne? Ihu zai yi har a taru, ya ce an cuce shi.

Ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara da dare, suka kora yara fiye da 300 cikin daji. Duk mai cewa kyau da muni ra'ayi ne kawai, sai ya iya duban mahaifin ɗaya daga cikinsu ya ce masa ɓarayin ma suna da tasu gaskiyar. Ba zai iya ba, kuma ba tsoron duka ne zai hana shi ba. Abin lura ma, su kansu 'yan bindigar in an yi hira da su ba sa cewa satar yara abin kirki ne. Cewa suke an sace musu shanu, an kashe musu dangi, an zalunce su. Hujjar ba ta wanke su ko kaɗan, amma ta nuna har su ma da sunan adalci suke neman mafaka.

Tarihinmu ma shaida ne. An yi zamanin da ake kai hari ƙauye a kamo mutane a sayar, sai a 1936 doka ta gama haramta bauta a Arewa. Yau muna cewa an gyara. In babu ma'auni sama da al'ada, ba mu da bakin cewa an gyara, iyakarmu mu ce an sauya.

Inda nake jin takaici shi ne, da yaro ya ɗago tambayar sai a ce ya kafirta, a rufe masa baki. Sai ya koma wayarsa, can kuwa akwai masu sauraronsa. Alhali malaman Musulunci sun kwashe ƙarnoni suna wannan muhawara. Mu'utazilawan Basra da Bagadaza sun ce hankali shi kaɗai yana gane kyau da muni. Ash'ariyya, waɗanda malamanmu na zaure suka gada, sun ce shari'a ce ke tabbatar da hukuncin. Maturidi na Samarkand ya tsaya tsakani. Sun yi saɓani a kan hanyar sani, babu wanda ya ce zalunci da adalci ɗaya ne.

Katsina, garin manyan malamai irin su Ɗanmarina da Ɗanmasani, bai kamata ya tsorata da tambayar ɗan aji biyu a jami'a ba. Ummul Barahina ta Sanusi, littafin tauhidin da ake karantarwa a zaurukanmu, da bayanin hukuncin hankali ta fara: wajibi (abin da dole ya kasance), mustahili (abin da ba zai yiwu ba) da ja'izi (abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi). Malaman da suka haddace ta su zauna da yaran nan, su bar su su gama tambayarsu, sannan a shiga hujja.