Haddar ƙamus ba ita ce hanyar Turancin nazari ba

Ɗalibai da yawa sun ɗauka ƙwarewa a Turancin jami'a ita ce tara manyan kalmomi masu wuyar furtawa, har ka ga mutum ya duƙufa haddar ƙamus tun daga shafin farko. Kwalliyar nan ba ta biyan kuɗin sabulu.

A shekarar 2000, Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Niyu Zilan ta tace rubuce-rubucen ilimi masu kalmomi kusan miliyan 3.5, ta fitar da rukunan kalmomi 570 da ke yawan dawowa a fannoni daban-daban. Su kaɗai sun ci kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun. Irin su analyse da assume da factor ne, kuma da su ya kamata a fara, kowace a cikin jimlar da aka tsince ta.

Abin da ya fi damuna da hadda shi ne, ma'ana tana bin fanni. Culture a wurin ɗalibin tarihi al'ada ce, amma a ɗakin gwaje-gwaje ƙwayoyin halitta ne da ake kiwo a faranti. Significant kuwa, a ƙididdiga, na nufin sakamakon da zai yi wuya a ce dace ne kawai ya haifar da shi.