Laimar kwaɗi mai sa maye: maganar tana wurin awo

Duk sanda labarin ya sake zagayowa a Facebook, kanu ɗaya ake ɗora masa: wai Amurka ta halatta shan laimar kwaɗi mai sa maye, wadda wasu ke kira naman kaza, don maganin ciwon damuwa. Sai ka ga manya na ta Allah wadai, wasu samari kuma na murna kamar an ba su lasisi. Duka ɓangarorin biyu sun tsallake wurin da maganar take, wato yadda ake auna abin, da wanda ke aunawa, da wanda ake hana wa.

Da farko dai, gwamnatin tarayyar Amurka ba ta halatta komai ba. Sinadarin da ke cikin wannan tsiro, silosaibin, yana cikin rukunin ƙwayoyin da ta fi tsananta wa tun 1970. Jihohi ne suka buɗe ƙofa. Masu zaɓe a Oregon sun amince da dokar da ake kira Measure 109 a watan Nuwamban 2020, cibiyoyin farko suka fara aiki a 2023. Colorado ta bi sahu da tata ƙuri'ar a 2022. Ostireliya kuma ta ɗauki wata hanya daban: daga 1 ga Yulin 2023, likitan ƙwaƙwalwa mai izini na musamman ne kaɗai zai iya rubuta shi, kuma ga wanda damuwarsa ta gagari sauran magunguna.

Matsalar tsiron ita ce ba ya da gaskiya a ma'auni. Ka ɗauki guda biyu daga gona ɗaya, ka busar, ka ɗora a sikeli, nauyinsu ɗaya, amma ƙarfin ɗaya zai iya ninka na ɗayan. Sinadarin kansa ɗan kaɗan ne, yawanci bai wuce kashi 1 cikin ɗari na busasshen tsiron ba, kuma yana sauyawa da iri, da yadda aka noma, da yadda aka adana. Mutanen Mazatek na yankin Oaxaca a Meziko, waɗanda suka daɗe suna amfani da shi a al'adarsu, bibbiyu suke ƙirgawa, mai ba da magani ta duba mutum ta yanke masa. Wannan awon ido ne, irin na tafin hannu da marfin kwalba da muka sani a wajen masu maganin gargajiya. Sai a 1958 masanin sinadarai Albert Hofmann ya ware silosaibin a kamfanin Sandoz na Suwizalan, daga nan aka samu abin da za a iya ɗorawa a sikeli a san me aka ba mutum.

Shi ya sa a Oregon ba a maganar giram nawa na tsiro. Miligiram nawa na sinadari ake tambaya. Iri ɗaya tak doka ta yarda a noma, Psilocybe cubensis. Manomi mai lasisi ya girbe, a kai samfur ɗakin gwaje-gwaje mai lasisi, a gano yawan sinadarin, sannan a rubuta a jikin kowane ƙunshi. Iyakar abin da mutum zai sha a zama ɗaya miligiram 50 ne, kuma gwargwadon abin da ya sha, gwargwadon zaman da doka ta wajabta masa a cibiyar. Wanda ya sha ɗan kaɗan zai iya tashi bayan awa ɗaya ko biyu, wanda ya kusanci iyakar sai ya yi aƙalla awa shida.

Kafin ranar, sai an yi zaman shiri da mai kula. Dole mutum ya kai shekara 21. Wanda ya sha maganin ciwon ƙwaƙwalwa da ake kira litiyam cikin kwana 30 da suka wuce, da wanda ke tunanin cutar da kansa ko wani, da wanda aka taɓa tabbatar masa da taɓin hankali mai raba mutum da zahiri, duk ana mayar da su. Ranar shan, ana ba shi abin a kafso, ko gari a ruwan shayi, ko busasshen tsiron ya tauna. Ya kwanta a doguwar kujera, a rufe masa ido da ƙyalle, a sa masa sauti mai taushi a kunne, mai kula na zaune gefe. Bayan kamar rabin awa abin ya fara kama shi. Tashin zuciya na iya zuwa, jini na iya hawa, wani kuma tsoro ne zai lulluɓe shi har sai an riƙe masa hannu. Ba ya fita da ko ƙwara ɗaya zuwa gida, ba kuma ya tuƙa mota da kansa.

Wannan tsari na yaba masa, amma a nan yabona ya tsaya. Oregon ta iya auna abin da ke shiga ciki, ta yi sakaci da wanda ake ba wa. Ba a buƙatar takardar likita, ba a buƙatar a ce kana da wata cuta. Mai kulan ma ba dole ne ya zama likita ko nas ba. Takardar sakandare, da horon da aka fara da awa 160, da cin jarrabawa sun isa a ba shi lasisi. Kuɗin zama ɗaya kan kai dala dubu ko fiye, inshorar lafiya ba ta biya. Mai ciwon da ya fi buƙata zai iya rasa kuɗin, mai kuɗin da ke son ganin ƙwaƙwaf kuma ya samu. Ni dai na fi natsuwa da hanyar Ostireliya, duk da tsadarta, domin a can sai an tabbatar da ciwo kafin a buɗe kwalba.

Kuma a lura, shaidar da ake kafa hujja da ita ba daga tsiron aka samo ta ba. Babban gwajin da mujallar likitoci ta New England ta buga a Nuwamban 2022, na kamfanin Compass Pathways, da sinadarin da aka haɗa a masana'anta aka yi shi. Mutum 233 masu damuwar da ta ƙi jin magani aka raba gida uku: miligiram 25, da 10, da 1. Bayan mako uku, kashi 29 cikin ɗari na masu 25 alamun ciwonsu sun kau, masu 10 kashi 9, masu 1 kashi 8. Dubi yadda 10 ta kusan zama daidai da 1. Tsakanin abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba, miligiram 15 ne kacal, abin da ido ba zai taɓa rarrabewa a tafin hannu ba. Ko cikin masu 25 ɗin, kusan bakwai cikin goma ba su warke ba, kuma an samu waɗanda tunanin kashe kai ya zo musu a lokacin gwajin.

Mu ba baƙin wannan darasi ba ne. Taramol magani ne na asibiti a miligiram 50 ko 100. Da mai 225 ya cika kasuwanninmu, kowa ya ga abin da ya yi wa 'yan acaba da leburori. Kodin maganin tari ne a cokali, har aka koma shan kwalba guda, gwamnatin Najeriya ta hana shigo da shi da haɗa shi a watan Mayun 2018. Waɗannan ma masana'anta ce ta auna su, ta rubuta a jiki. To ina ga tsiron da ba a san ƙarfinsa ba, wanda a jeji yake kama da danginsa masu lalata hanta su kashe mutum?

Hukuncin addini a kan abin da ke gusar da hankali, da inda larurar magani ta tsaya, na malamai ne, su za a tambaya. A fuskar doka kuwa, silosaibin na cikin rukuni na ɗaya na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan ƙwayoyi masu juya tunani, wadda Najeriya da Nijar duk suna ciki. Duk wanda ya tallata maka shi a waya da sunan maganin damuwa, ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da lasisi, kuma ba zai zauna gefenka awa shida ba.