Kafin sabuwar nas ta karɓi ofa, ta fara tambayar yadda dare yake a asibitin

Akwai maganar da ake jefa wa duk yarinyar da ta gama makarantar koyon aikin jinya da zarar an kira ta aiki: "Ke dai ki gode wa Allah kin samu." Godiya wajibi ce, ba na musu. Amma na lura sau da yawa ba don tuna mata da Allah ake faɗin haka ba, don a rufe mata baki ne, kada ta tambayi nawa ne albashin, awa nawa ne aikin, kuma wa zai tsaya mata in abu ya ɓaci. Mu kuma mun taso da kunya, muna ganin yi wa mai ba ka aiki tambaya rashin ɗa'a ne. A aikin jinya wannan kunyar tana iya cin rai, tana kuma iya cin lasisi.

'Yar yayata ce ta sa na zauna na yi wannan tunani. Ta ci jarabawar majalisar kula da aikin jinya, lasisinta ya fito, kuma cikin mako guda aka kira ta wuri biyu. Ɗaya asibitin kuɗi ne a cikin gari, ga fenti sabo, ga na'urar sanyaya ɗaki a wurin karɓar baƙi, albashin kuma ya fi tsoka. Ɗayan babban asibiti ne mai cunkoso, kuɗinsa bai kai na farkon ba. Gida kaf aka karkata ga na farko. Da ta zo neman shawara sai na ce mata, "'Yata, in ƙarfe uku na dare ya yi, ke da wa za ku kasance a ɗakin marasa lafiya?" Ta yi shiru. Ba ta sani ba, kuma ba wanda ya ce mata ta tambaya. Da ta koma ta bincika, sai ta tarar ita kaɗai ce za ta zama mai lasisi a aikin dare, tare da wasu yara biyu da aka koya wa yin allura a nan cikin asibitin, likita kuma yana gida sai an kira shi a waya.

Wannan ita ce tambayar da nake ganin ta fi albashi nauyi ga wanda yake shekararsa ta farko, mace ko namiji (na fi amfani da "ita" ne kawai don mata sun fi yawa a aikin, amma samarinmu nas-nas ma da su nake). Makaranta tana koyar da ilimi, ba ta gama koyar da ido. Gane cewa numfashin wannan tsoho ya sauya tun kafin na'ura ta nuna, ko cewa jinin da wannan mai jego ke zubarwa ya wuce misali, ko cewa adadin maganin da aka rubuta wa jariri ya yi yawa a koma wa likita, duk a gefen tsohuwar hannu ake koyonsu. Nas ɗin da aka bari ita kaɗai tun watan farko ba ƙwarewa take yi ba, kurakuranta take maimaitawa har su zame mata jiki, don babu mai gyara mata. Ranar da kuskuren ya kai ga rai kuwa, sunanta ne a takardar ba da magani. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ita za ta kira, ba mai asibitin ba. Shi zai ɗauki wata gobe. Ita kuwa lasisin nan shi ne jarinta gaba ɗaya, shekarun karatu da kuɗin da iyaye suka tara duk suna cikinsa.

Kada a ɗauka yawan marasa lafiya a hannun nas ɗaya maganar gajiya ce kawai. A shekarar 2002 Linda Aiken da abokan aikinta sun bi bayanan asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka, suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari. Jihar Kalifoniya ta mayar da abin doka: a ɗakin kulawa ta musamman nas ɗaya ba ta wuce majinyata biyu, a ɗakin kwanciya na gama-gari ba ta wuce biyar. Na san wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitocinmu zai yi dariya in ya ji biyar. To, ba cewa nake sabuwar nas ta jira sai ta sami Kalifoniya a Kano ba. Cewa nake ta san lissafin kafin ta shiga: gado nawa ne, nas nawa ne masu lasisi a kowane duti, kuma in ɗaya ta yi rashin lafiya wa ke maye gurbinta.

Batun yaran da ake koya wa allura a bayan kanta kuwa ya fi ƙarfin a wuce shi. Majalisar aikin jinya ba ta san da zaman wani abu wai shi "mataimakiyar nas" da aka horar a asibitin kuɗi ba, kuma hukumomin jihohi, irin hukumar kula da asibitoci masu zaman kansu ta Kano, sun sha rufe wuraren da aka kama da ma'aikatan bogi. Wasu masu asibitin abin da suke nema a wurin sabuwar nas ba hannunta ba ne, takardarta ce. A ɗauke ta, a ajiye kwafin lasisinta a fayil don ranar da masu duba asibitoci suka zo, aikin kuma marasa horo su ci gaba da yi a ƙarƙashin inuwarta. Wadda ta yarda da haka ta ba da aron sunanta ga abin da ba ta gani ba.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma yadda asibiti ke ɗaukar ma'aikaci shi ne Larabarsa. Wurin da aka kira ki yau, ba a nemi ganin lasisinki ba, ba a yi miki tambaya ko ɗaya a kan aikin ba, aka ce ki zo da farin kayanki gobe ki kama dutin dare, ba sonki ake ba. Rami ne ya buɗe, ana neman abin cikewa, kuma ya kamata ki tambayi me ya kori wadda ta bar ramin. Wannan amsar ba a ofishin manaja take ba. Tana bakin nas ɗin da ke fitowa daga duti da safe, tana bakin mai shara, tana bakin mai shayin ƙofar asibiti da ya san ko an yi albashin watan jiya. Asibitin da ya san darajar kansa zai bar ki ki zagaya ɗakunan, ya haɗa ki da shugabar nas-nas, ya faɗa miki makonni nawa za ki yi kina bin wata kafin a sakar miki ɗaki. In aka ɓata rai don kin nemi haka, an ba ki amsa.

Abu biyu ne dai nake ganin babu sassauci a kansu ko yunwa ta kai ina. Kada a miƙa ainihin kwalin makaranta ko lasisi a ajiye a ofishin kowa da sunan jingina. A nuna, a ba da kwafi, a dawo da shi gida. Wanda ya riƙe kwalinki ya riƙe ƙafarki, kuma ranar da kika sami wuri mafi kyau za ki gane haka. Na biyu, kada a sayi aiki. Cinikin ofa ba jita-jita ba ne. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gagdi don binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya, aka kuma ji abubuwa a bainar jama'a. Iyaye na sayar da fili ko dabbobi su biya, wani lokaci takardar ta fito ta bogi, wani lokaci ta gaske ce amma ranar tantancewa a tsince ta. Ba kuɗin, ba aikin, kuma ba bakin kai ƙara tunda da hannunka a ciki.

Sai kuma takarda. Abin mamaki ne yadda nas da aka horar cewa duk abin da ba a rubuta ba ba a yi shi ba, za ta karɓi aiki da baka. "Za mu fara da kaza, in Allah Ya buɗa za mu ƙara." Wace rana? Albashin da aka faɗa, kafin cire-cire ne ko bayansa? Alawus na dare da na haɗari suna ciki ko a gefe? Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne, kuma abin kunya ne a ce mai lasisin jinya tana ciniki a kusa da wannan layi. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikatar da ke da ma'aikata 15 zuwa sama zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba 8, ta kuma wajabta inshorar rai. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi abin da za a yi wa wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a bakin aiki. Yarinya 'yar shekara 22 ba ta tunanin fansho, na sani. Amma tambayar tana da wani amfani: asibitin da ke biyan waɗannan yawanci shi ne mai biyan albashi a kan lokaci.

Aikin gwamnati ma ba a shiga shi ido rufe. Yana da tsarin albashin ma'aikatan lafiya na CONHESS, yana da ƙarin girma da hutun karatu, kuma manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika, na Sakkwato da na Maiduguri makarantu ne a kan kansu. Sai dai a tabbatar wane irin aiki ne: na dindindin, ko na wucin gadi da ake sabuntawa ana ta alƙawarin "za a tabbatar da ku"? Sabon ma'aikaci kan yi watanni bai ga albashi ba kafin sunansa ya shiga tsarin biya, don haka a shirya wa kuɗin mota. Ba kowace jiha ce ke biyan abin da tarayya ke biya ba. Ƙungiyoyin agaji irin Likitocin Na-gari Na-kowa da ke aiki a Jahun da Katsina suna da horo da kayan aiki, amma kwantiragi ne, yana da ranar ƙarewa.

Kayan kariya ma a tambaya, ba tare da jin nauyi ba. Mun ga zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Kano a farkon 2020, mun ga yadda mashaƙo ya cika ɗakunan jinya a 2023. Akwai safar hannu ko sai dangin majinyaci sun sayo? Ana yi wa ma'aikata rigakafin ciwon hanta? In allura ta soke ki da tsakar dare, ina za ki sami maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki, wanda dole a fara shi cikin awa 72?

Na san abin da za a ce mini: Malam, kana magana kamar aikin a zube yake. Akwai masu lasisi da ke zaune a gida, mahaifi ya yi ritaya, ƙanne na jiran kuɗin makaranta, kuma wanda ke da uwa a gindin murhu ya riga ya kwashe guraben gwamnati. Da babu gara ba daɗi. Na yarda da rabin wannan magana. Wani lokaci dole a karɓi aikin da bai yi ba. Amma akwai bambanci tsakanin wadda ta shiga ta san inda ramin yake, ta sa wa kanta wata shida ko shekara, tana ci gaba da nema, da wadda ta faɗa a makance. Rabin da ban yarda da shi ba shi ne cewa nas ba ta da ƙarfin ciniki. A Fabrairun 2024 magatakardan majalisar aikin jinya na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce sama da nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Asibitoci na buƙatar masu lasisi fiye da yadda suke nunawa a fuska. Yajin aikin gargaɗi da ƙungiyar nas-nas da ungozoma ta fara a ƙarshen Yulin 2025 ma, cikin buƙatunsa har da a ɗauki ƙarin ma'aikata da gyara alawus na duti.

A wannan watan na Fabrairun 2024 ne majalisar ta fito da ƙa'idar cewa sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardu don fita waje, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Duk yadda mutum ke kallon wannan taƙaddama, ta tuna mana cewa shekarun farko ana lissafa su. Mai niyyar Saudiyya za ta tarar ana bin takardunta har wurin da ta ce ta yi aiki a tabbatar. Mai son komawa karatun ƙwarewa a ɗakin tiyata ko kula da jarirai za a nemi shaidar aikinta. Asibitin da ba shi da rajista mai kyau, ko wanda bai taɓa ba ki takardar ɗaukar aiki ba, ba zai iya shaidarki ba, shekara biyunki sun tafi a iska.

'Yar yayata dai ta koma asibitin kuɗin nan ta ce za ta karɓa in za a haɗa ta da babbar nas a dutin dare na wata uku, a kuma rubuta mata. Aka ce za a kira ta. Ba a kira ba. Tana babban asibitin yanzu, tana ƙorafin cunkoso da tsadar adaidaita sahu, mahaifiyarta kuma har yau tana yi mini mitar bambancin albashin. Makon jiya ta gaya mini cewa wata tsohuwar ungozoma ta kama hannunta a ɗakin haihuwa, ta ɗora shi a kan cikin wata mai jego, ta ce, "Taɓa nan ki ji. In kika ji mahaifa ta yi laushi haka, kada ki tsaya rubutu, ki kira mu."