Ba kowane ƙaramin ƙwaro mai fiffike ne asu ba

Da damina ta kankama a Sakkwato, za ka ga wasu ƙananan ƙwari kalar ƙasa, masu kama da malam-buɗe-littafi, sun lafe a bango kusa da fitila, fikafikansu a shimfiɗe. Mutane da yawa na kashe su, wai asu ne mai cin tufafi. Ban ga laifinsu ba, wanda ya taɓa buɗe akwati ya tarar da bargonsa duk huji dole ya tsargu. Sai dai yawan jin maganar ya fara damuna.

Da yawan ƙwarin nan 'yan dangin da masana ke kira Geometridae ne, mai nau'i sama da 23,000 a duniya. Wanda ya riga ya yi fiffike a cikinsu ba shi da haƙoran tauna, ɗan bututu gare shi na tsotson ruwan fure. Tsutsarsa kuwa ganye take ci. Ita ce wadda ke tafiya a reshen bagaruwa tana lanƙwasa baya tana miƙewa, kamar mai auna yadi da taƙi, saboda ba ta da ƙafafun tsakiya.

Asu na gaskiya gudun haske yake yi. Cikin duhun akwati yake ƙwai, tsutsarsa ta ci ulu da gashi da fata.