Wai an tura ni karatu na koma koyon lalata

To kun dai ji saƙon muryar da ake ta yawo da shi a guruf ɗin danginmu tun jiya. Don kawai na ɗora hoton littattafan kwas ɗinmu na adabin Jamusanci, wani yayana ya hango maganar mata da jinsi a jiki, shikenan ya yanke hukunci, wai an tura yarinya Jamus ta koma koyon maɗigo. Madalla Yaya, Allah ya ƙara basira. Ashe duk wanda ya karanta tarihin Hitler ɗan Nazi ne.

Karanta abu ba aikata shi ba ne jama'a! Littafin da ya fi tsone masa ido, Effi Briest, tun 1895 yake, labarin 'yar shekara 17 ce aka aurar wa tsohon manemin uwarta, ƙarshe ya kashe mutumin da ya tarar da wasiƙunsa na soyayya a wajenta, ya kore ta, ya raba ta da ɗiyarta. Wallahi a laburare na karanta ƙarshensa sai da na nemi tishu. Ina lalatar a nan?

Kuma su Turawan da kuke ɗauka haka suka faɗo daga sama da 'yancin mata, sai 1918 macen Jamus ta samu ƙuri'a, kuma har 1977 dokar Jamus ta Yamma cewa take matar aure za ta yi aiki ne in bai taɓa hidimar gida ba. Dokar ɗaure 'yan luwaɗi, sashe na 175, sai 1994 aka soke ta. A Mayun 1933 ɗaliban Nazi suka fasa cibiyar binciken jinsi da jima'i ta likita Magnus Hirschfeld a Berlin suka cinna wa littattafanta wuta. Na je filin da aka ƙona su da kaina, Bebelplatz, gilashi ne a ƙasa, ka leƙa ka ga fararen kantoci babu littafi ko ɗaya. Ya za ka fahimci ƙasar nan in ka tsallake wannan?

Masu cewa ai da sannu-sannu ake sauya wa mutum tunani, don Allah ku huta. Addinina na sani, sallata ina yi, jarabawa zan rubuta ba mubaya'a ba. Karanta abu ba aikata shi ba ne.

Af, duk mai zuwa Berlin kafin hunturu ya taho min da kuka da daddawa, tawa ta ƙare tun azumi kuma ta shagon nan ba ta da ƙamshi ko kaɗan.